"Polish" Da "Burnish": Guga Iri Biyu

Za mu ba ku labarin wata gardama da ta tashi a ajinmu a kan kalmomi biyu na Ingilishi, da abin da muka samo sa'ad da muka bi sawunta har cikin birnin Zariya. Kalmomin nan su ne "polish" da "burnish".

Ran nan muna darasin fassara, sai muka tarad da su duka biyu a shafi guda. A sama an ambaci wani tebur an ce "polished", a ƙasa kuma an ambaci garkuwar ƙarfe ta wani jarumi an ce "burnished". Dukanmu, ba wanda ya ko tsaya, muka rubuta gogaggen tebur da gogaggiyar garkuwa. Da Malam ya duba littattafanmu sai ya ce, "To, in ma'anarsu ɗaya ce, me ya sa marubucin ya wahalad da kansa ya nemo kalma ta biyu?" Wani ya ce don kada ya maimaita ne. Wani ya ce ai "burnish" ta ƙarfe ce, "polish" kuwa ta katako. Na uku ya buɗe ƙaramin ƙamus, ya tarar an bayyana wannan da waccan, an kuma bayyana waccan da wannan, sai ya rufe ya yi shiru. Malam ya yi murmushi ya ce, "Kama da wane ba wane ba ne. Ranar da ba karatu ku shiga birni, ku tsaya wurin masu sana'a ku buɗe ido. Sun san amsar nan tun kakanninsu, ko da ya ke ba su taɓa jin kalmomin ba."

Kafin mu kai ku birni, ya kamata mu faɗi dalilin da ya sa abu ya ke ƙyalli, gama in ba a gane wannan ba sauran maganar ba ta shiga. Kowane abu da mu ke gani sumul, in aka duba fuskarsa da madubin ƙara girma, sai a ga ashe cike ta ke da 'yan tuddai da 'yan kwaruruka, kamar gonar da aka yi wa huɗa. In haske ya faɗa a kan irin wannan fuska, sai kowane tudu ya jefa shi nasa gefe, ya watse, abin ya yi dushi-dushi. In kuwa fuskar ta daidaita, hasken ya kan komo a haɗe zuwa ido, shi ne mu ke ce wa ƙyalli ko sheƙi. Saboda haka duk mai son abu ya yi ƙyalli aikinsa guda ne, watau ya raba tuddan nan da kwaruruka. Hanyar da ya bi ita ce ta bambanta. Yana iya kankare tuddan ya zubar, yana iya cike kwarurukan da wani abu, yana kuma iya danne tuddan su kwanta cikin kwarurukan. Biyun farko su Turawa ke kira "polish". Ta ukun ita ce ainihin "burnish".

Muka shiga ta Ƙofar Doka da hantsi, muka fara da wani tsoho maƙerin fari, irin waɗanda ke ƙera zobe da awarwaro na azurfa. Muka gaishe shi, ya amsa, ya ce mu matso inuwa. Yana gama wani zobe ne. Muka ga ya bi shi da magagari, sa'an nan da abu mai ɗan kaushi, sa'an nan da toka mai laushi a tsumma, kowane ya fi na bayansa taushi, yana share zanen da na farinsa ya bari. Abin da ya ba mu mamaki shi ne wata 'yar fata da ya shimfiɗa a ƙarƙashin hannunsa. Muka ce, "Baba, wannan fa ta mece ce?" Ya ce, "Samari, ai azurfa da awo a ke sayenta. Duk abin da guga ta ci, a nan ya ke zuba, in tara in narke." Da ya ƙare wannan sai ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai santsi ƙwarai, ba kaifi ba kaushi, ya shiga murza shi a jikin zoben da ƙarfi. Nan da nan inda ƙarfen ya bi ya ɗauki wani irin haske mai zurfi, amma ko ƙwayar gari ba ta faɗo kan fatar ba. Muka dubi juna. Ga kalmominmu biyu a hannun mutum ɗaya, wannan na bin wannan.

Maganar awo da tsohon ya yi ba ƙarama ba ce. A dā maƙeran ƙasarmu sun riƙa narkad da tsohon kuɗin azurfa na Mariya Tariza, wanda ke ɗauke da shekarar 1780, nauyin kowane guda wajen giram 28, su yi kayan ado da shi. Wanda ya kawo kuɗinsa ya san nauyin abin da ya kawo, zai kuma auna abin da aka ba shi. Maƙerin da ya cika guga mai ci, shi zai cika giɓin daga aljihunsa. Murzar nan ta ƙarshe kuwa ba ta rage kome, har ma tana ƙara wa fuskar ƙarfen tauri, domin ta matse shi.

A nan ne ɗaya daga cikinmu, wanda ba za mu faɗi sunansa ba don ya roƙe mu, ya fito da wani tire daga jakarsa. Na mahaifiyarsa ne, tun na ɗakin aurenta, irin mai ruwan azurfa. Da jajibirin Sallar bara ya ga ya yi duhu, ya ce bari ya faranta mata rai, ya sami yashi da toka da soson ƙarfe ya durƙusa a kai. Ya goge har gumi, tiren kuwa ya yi haske ba shakka, sai dai hasken rawaya ne, gama ya cinye azurfar ya isa kan tagullar da ke ƙasa. Tsohon ya juya shi gaba da baya, ya ce, "Ɗana, ruwan da ke kan irin wannan bai kai kaurin bawon albasa ba. Tsumma mai laushi kaɗai ya ke so. Yanzu ba gugar da za ta mai da shi." Mun ji tausayin abokinmu, amma ba mu da wani misali da ya fi nasa nuna cewa "polish" tana cin abin da ta ke gyarawa.

Wannan ci da ta ke yi shi ya sa kalmar ta kai wurin da mai fassara ba zai zata ba. A littattafan kiwon lafiya za ku gamu da "polished rice". Wanda ya rubuta gogaggiyar shinkafa bai gaya wa yara kome ba. Abin nufi shi ne shinkafar da aka surfe ƙwarai, aka raba ta da dusarta har ta yi fari fat. A cikin dusar nan kuwa akwai sinadarin da yanzu a ke kira bitamin B1, wanda rashinsa ke kawo ciwon beriberi mai kashe ƙafafu da raunana zuciya. Wani likita mutumin Holan, Christiaan Eijkman, shi ya lura da haka a tsibirin Jawa cikin shekarun 1890, da ya ga kajin da a ke ba farar shinkafa suna shanyewa, waɗanda a ke ba mai dusa kuwa suna warkewa, aka ba shi kyautar Nobel a 1929. Malamin da ya ce surfaffiya, kowace yarinya a ajinsa ta gane, don ta san turmi, ta san dusa, ta kuma san inda dusar ke tafiya.

Ɗaya fuskar "polish", watau ta cike kwaruruka, ba ta bukatar dogon bayani. Ita ce ta man takalmi. A shafa kakin, a bari ya sha iska, a bi shi da buroshi da tsumma, sai ya toshe ramukan fatar ya kwanta sumul a bisanta. Man Kiwi, wanda sunansa ya kusa zama sunan kowane man takalmi a bakinmu, a Melbourne ta ƙasar Ostareliya aka fara yinsa a 1906. Shi man kansa "polish" a ke kiransa, aikin ma haka. Teburin da ke cikin darasinmu irin wannan guga ya sha.

Daga maƙera muka bi ƙarar bugu. Ba a bukatar mai nuna hanya zuwa wurin mabuga, kunne ya isa. Zariya ta yi suna da ɗinkin manyan riguna, rigar da ta fito daga hannun mai aiki kuwa a yamutse ta ke, ta sha hannu wata da watanni, sai ta bi ta nan kafin ta isa wuyan mai ita. Mun tarad da mutum biyu zaune suna fuskantar juna, da wani gungumen itace mai santsi a tsakaninsu, kowa da gudumarsa ta itace. An ninke rigar, an yayyafa mata ruwa, wannan ya sauke wannan ya ɗaga, ba mai karo da ɗan'uwansa, suna jan tufar kaɗan kaɗan har ta ƙare, su sāke ninki su koma. Mun daɗe a nan fiye da ko'ina, don aikin yana da daɗin kallo. Babban cikinsu ya miƙo mana gefen da aka buga da wanda ba a buga ba, ya ce mu taɓa. Na farko ya yi sulɓi ya yi tauri kamar takarda, na biyu kuwa yana nan da gashinsa. Zaren auduga a mulmule ya ke, da 'yan ƙofofi tsakanin zare da zare. Bugu ya kan baje kowane zare ya yi faɗi, ƙofofin su rufe, fuskar tufa ta zama shimfiɗa guda. Ba a kankare kome ba. In aka wanke rigar, zaren ya sha ruwa ya kumbura ya koma mulmulallensa, sheƙin ya tafi, sai a sāke kawo ta.

Sai dai a nan wajibi ne mu yi gaskiya, kada mu ja kalma inda ba ta zuwa. Bature mai sana'ar tufafi ba zai kira wannan aiki "burnish" ba. Yana da tasa kalma, "beetle", wadda masaƙan lilin na ƙasar Ailan suka daɗe suna aiki da ita, abin dariya kuwa rubutunta ɗaya da sunan buzuzu a harshensu. Amma dai hanyar ɗaya ce, dannewa ce ba kankarewa ba. Akwai kuma inda bugu ya haɗa hanya biyu. Baƙin rawanin nan ɗan Kura da turkuɗi, waɗanda garin Kura na ƙasar Kano ya yi suna da su, da garin shuni a ke buga su, a yi ta barbaɗawa ana bugu har shunin ya kwanta a fuskar tufar ya yi walƙiya kamar ƙarfe. An danne, an kuma ƙara. Shi ya sa ya ke rina goshin mai shi, Buzaye kuwa ba su ɗauki wannan aibi ba.

A kasuwa muka tsaya wurin wata tsohuwa mai tukwane, wadda a ƙauyensu a ke gina su. Muka ɗauki wata 'yar tukunya ja mai sheƙi, muka ce, "Iya, wane mai aka shafa mata?" Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce 'yan boko ba su san kome ba sai mai. Ta ce in an gina tukunya a kan bar ta ta sha iska, ta yi tauri amma da sauran danshi, a shafe ta da ruwan jar ƙasa, sa'an nan a murje ta da ɗan dutsen rafi mai santsi, ko da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare. In aka yi gaggawa yumɓun ya caɓe, in aka yi jinkiri dutsen ya yi ta zane. Lokacin nan na tsakani shi ne sanin. Wannan kam ko a littafin Turawa masu binciken tsofaffin tukwane "burnish" sunansa, ba wata kalma. Murzar tana kwantad da ƙwayoyin yumɓu su bi gefe guda, ta rage ƙofofin jikin tukunyar, ko da ya ke ba ta toshe su sarai. Sheƙin kuwa ya kan tsira daga wutar itace da ciyawa irin wadda maginanmu ke gashi da ita, amma wuta mai tsanani ƙwarai tana kashe shi.

Kada a haɗa wannan da sheƙin tangaran, wanda shi gilashi ne aka narkar a jikin tukunya, Turawa na kiransa "glaze". Michael Cardew ya koyad da shi a makarantar tukwane da ya buɗe a 1952 a tsohuwar Abuja, garin da zuriyar sarakunan Zazzau na dā suka kafa, wanda yanzu a ke kira Suleja. Ladi Kwali ta shiga can a 1954 da gwanintarta ta gida, Jami'ar Ahmadu Bello ta nan Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977.

Muna komowa wani daga cikinmu ya tuna da daɓe, yadda mata kan taru su zuba tsakuwa da ƙasa, su yi ta dukanta da madaɓi, su bi da ruwan makuba na kwasfar ɗorawa, har ɗaki ya yi santsi. Siminti ya kore shi daga gidaje da yawa, amma wanda ya taɓa kwanciya a kan tsohon daɓe da bazara ya san abin da aka rasa. Wani kuma ya kawo zancen takarda, gama a Masar da Istambul masu yin littattafai sun kasance suna shafa wa takarda sitaci su murje ta da dutse mai santsi ko gilashi, don alƙalami ya gudu tawada kuma kada ta bazu. Duk dangin "burnish" ne.

Game da asalin kalmomin, duka biyu daga tsohon Faransanci Ingilishi ya aro su, cikin ɗimbin kalmomin da suka shigo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, ana kuma samunsu a rubuce tun wajen ƙarni na 14. "Polish" ta gangaro daga Latin, harshen Rumawan dā, daga "polire", watau a mai da abu sumul. "Burnish" kuwa daga "brun" ta fito, kalmar launin ƙasa-ƙasa, wadda mutanen dā suka riƙa siffanta ƙyallin takobi da kwalkwali da ita. Shi ya sa har yau ta fi jin daɗin zama kusa da ƙarfe, da zinariya, da ganyen da rana ta gasa. Abokinmu da ya ce ta ƙarfe ce bai ɓata gaba ɗaya ba, rabin hanya ya tsaya. Ya kamata kuma ku sani "polish" ita ce uwa, kalmar yau da kullum, tana iya rufe aikin 'yar'uwarta, mutumin Ingila na kan titi ba zai tsaya tantancewa ba. "Burnish" kuwa ta masu sana'a ce da marubuta, ba ta shiga ko'ina. Ba mai "burnish" ɗin tabarau, balle shinkafa.

Da aka ɗauke su daga hannu aka kai su kan mutum, kowace ta tafi da halinta. In an ce jawabin wani ko ladabinsa "polished" ne, ana nufin an kankare masa kaushi, an zubad da abin da bai dace ba. Kalmar "polite" ma daga wannan saiwa ta tsiro. A nan akwai rami ga Bahaushe, domin mu ma muna cewa gogagge, amma gogaggenmu wanda ya sha gwagwarmaya ne ya san duniya. Gogaggen dillali yana iya zama marar ladabi, mutum "polished" kuwa yana iya zama bai taɓa fita zauren gidansu ba. "Burnish" kuma a jaridun Turanci kusan kullum tare da suna ko daraja za ku gan ta, a ce wane yana "burnish" ɗin sunansa. Mun lura sau da yawa da ɗan zunɗe a ciki, kamar mai rubutun na cewa mutumin yana nan yadda ya ke, fuskar kaɗai ya murje don ta ɗauki ido. Sauran biyu sai mu faɗe su a gurguje: "polish off" cinye abu ne ko gama shi tas, in kuwa kun ga "Polish" da babban baƙi a tsakiyar jimla, mutanen ƙasar Polan a ke nufi, lafazin ma dabam.

Da muka koma aji muka ba Malam labari, sai ya ce to, a sāke fassarar. Wahalar a nan ta bayyana. Ba Ingilishi ne ya fi mu kalmomi ba, mu ne muka bar kalma ɗaya, goge, ta haɗiye surfe, da murje, da daɓe, da bugu, da wasa, alhali kowace tana nan da ranta a bakin masu ita. Mu da za mu tsaya gaban yara gobe, in muka koya musu goge kaɗai, sun rasa bambancin Ingilishin, sun kuma rasa Hausar kakanninsu a lokaci guda. Bayan ja-in-ja mai tsawo, yawancinmu muka rubuta tebur wanda ya sha mai yana sheƙi, da garkuwa wadda aka murje har tana ɗaukar ido. Malam ya karɓi ta teburin. Ta garkuwar ya ce ta yi tsawo, kalma bakwai a madadin ɗaya, ya fi son murzajjiyar garkuwa, mu kuwa muka ce kunnenmu bai saba da ita ba, ya ce kunne da ji ya ke sabawa. Ba mu daidaita ba har aka buga ƙararrawa. Duk wanda ke da kalmar da ta fi waɗannan, musamman 'yan'uwanmu da suka fito daga gidajen ƙira ko dukanci, muna roƙo ya aiko wa editan mujallar nan da ita, ya faɗi garin da a ke faɗinta da irin aikin da a ke faɗinta a kai.